Alhaji Abubakar Imam (1911-1981): Tarihinsa da Darasin Jigo

Da wuya a sami ɗalibin Hausa wanda ya kai jami'a ba tare da ya bi ta hannun marigayi Alhaji Abubakar Imam ba. Wani tun yana firamare ya sadu da shi, wani sai da ya shiga sakandare ko kwalejin horon malamai, wani kuwa tun bai fara haɗa baƙi ba ya riga ya ji wansa yana karanta wa mutanen gida labarin aku a gindin fitila bayan an yi lisha. Saboda haka ba baƙo ne zan gabatar wa mai karatu ba. Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa a cikin wannan mujalla tamu wata 'yar matsala ce da na ci karo da ita a aji, wadda nake jin duk wanda zai fita daga wannan sashe ya kama alli zai tarar tana jiransa.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni 'yan aji uku a wata makarantar sakandare. Muka karanta Labarin Sarkin Busa daga cikin Magana Jari Ce, na ce kowa ya rubuta mini jigon labarin. Da na tattara littattafai, sai na iske mafi yawansu sun sake ba ni labarin ne a taƙaice: ɓeraye sun addabi gari, wani mai busa ya zo ya raba mutane da su, aka hana shi ladan da aka yi masa alkawari, shi kuwa ya sake busa ya tafi da 'ya'yansu. Kaɗan daga cikinsu suka rubuta karin magana guda suka ajiye alƙalami. Na ɗauki jan biro zan shiga soke-soke ke nan, sai na tambayi kaina ko na taɓa gaya musu wani abu da zai sa su san abin da nake nema, na ga babu. Abin da yaran nan suka rubuta gaskiya ne, amsar wata tambaya ce dabam wadda ban yi musu ba.

Tambayoyin biyu ne, kuma ya kamata mu raba su tun daga nan. Ta farko ita ce, me wannan rubutu da ke gabanmu ya faɗa? Amsarta ita ce zan riƙa kira gundarin magana, watau abin da aka faɗa a dunƙule cikin jimla ɗaya ko biyu, da sunayen mutanensa da wurinsa, wanda za a iya ɗora yatsa a kan shafi a nuna inda yake. Ta biyu ita ce, a kan me labarin ya tsaya? Wannan shi ne jigo. Kalmar kanta daga lambu aka aro ta, domin jigo shi ne icen da ake kafawa a bakin rijiya ko rafi, wanda ke ɗauke da sandar da ake jan ruwa da ita. Mai kallo guga yake gani yana sauka yana hawa, amma nauyin duka a kan jigon yake. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana matakan bin jigo a cikin gadon feɗe waƙa, tun daga furucin jigo har zuwa warwararsa, amma yaro ɗan aji uku bai kai nan ba tukuna. Abin da yake bukata shi ne misali, kuma ban san wani marubucin Hausa da rayuwarsa da ayyukansa suka tanadi misalan nan biyu a jere kamar Abubakar Imam ba, domin ya yi rabin aikinsa yana ɓoye manufa a cikin labari, ya yi rabi yana fito da ita fili a jarida.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne da asalinsu ya fito daga ƙasar Barno, mahaifinsa Malam Shehu Usman kuwa malami ne kuma alƙali. A gida ya fara karatun allo kamar kowane ɗan malam. Wanda ya buɗe masa ƙofar boko shi ne wansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara ashirin, kuma yake koyarwa a Katsina. A hannunsa ya zauna, ya yi makaranta a can, har a shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, ya gama a 1932.

Ita wannan kwaleji an kafa ta ne don horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna, kuma an san ta da tsananta wa ɗalibai wajen koyon Ingilishi, furucinsa da rubutunsa. A zamanin da Imam yake can akwai Ahmadu Bello a gabansa da aji guda, akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa a bayansa. Ya fito ke nan da harsuna uku a hannu: Hausa da ya tashi da ita, Larabci da ya gada a gida, da Ingilishi da aka gasa masa a kwaleji. Aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina yana ɗan shekara ashirin da ɗaya. Wannan batu na koyarwa ana yawan wuce shi da sauri in ana ba da tarihinsa, ni kuwa ina ganin shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Mutumin da ya tsaya gaban yara ya ga lokacin da idanunsu ke buɗewa da lokacin da suke fara hamma, shi ne daga baya ya zauna ya rubuta musu abin karantawa.

Gasar 1933

A wancan lokaci yaron da ya iya karatun boko ba shi da abin karantawa na kirki da harshensa. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, ta fitar da 'yan littattafai irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, amma ƙirƙirarren labari mai tsawo babu shi. A shekarar 1933, lokacin da aka mayar da ita Hukumar Talifi a Zariya, shugabanta Dokta Rupert East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai na ƙirƙira don a yi gasa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, kuma dalilin wuyar ya shafi maganarmu. A wurin malamin zaure, alƙalami na ilmi ne: fiƙihu, tauhidi, tarihi, wa'azi. Irin wannan rubutu tun a farkonsa mai shi yake bayyana abin da ya nufa, bayan ya yi basmala da salati, sa'an nan ya bi shi babi babi. Labarin da aka ƙaga kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Abin da East yake nema shi ne malami ya ɗauki alƙalamin ilmi ya rubuta abin da bai faru ba, ya kuma bar mai karatu ya gano manufar da kansa.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da shi East, da kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wa da ƙane ke nan daga gida guda a cikin biyar ɗin.

Ruwan Bagaja shi ne wurin da ya fi kyau malami ya fara nuna wa ɗalibai bambancin nan, domin gundarinsa yana da sauƙin kamawa. Limamin da ya riƙe Alhaji Imam ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, aka yi masa dariya aka wulaƙanta shi, Alhaji ya ɗauki alwashin samo ruwan, ya yi shekaru yana yawon duniya yana karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, a ƙarshe ya komo da shi. Duk yaron da ya karanta littafin zai iya kawo wannan. Jigon kuwa sai an yi gardama. Amsar da aka saba haddacewa don jarrabawa ita ce juriya ko cika alwashi, kuma tana da hujja a farkon littafin da ƙarshensa. Amma wanda ya ƙirga shafuka zai ga neman ruwan bai ci ko sulusin littafin ba. Yawancinsa ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji da Zurƙe, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami daga wannan gari zuwa wancan, kuma a kowane gari akwai mutanen da kwaɗayi ko saurin yarda ya sa suka faɗa tarko, har da masu rawani. A ganina nauyin littafin a nan yake, watau yadda mai wayo ke cin duniya da wautar jama'a. Ba lalle mai karatu ya yarda da ni ba. Abin lura shi ne, a kan gundari ba mu da saɓani ni da shi, a kan jigo kuwa kowannenmu sai ya kawo shaida daga cikin littafin, kuma koya wa yaro kawo wannan shaida shi ne ainihin darasin.

Imam bai ɓoye cewa ya sha daga Maƙamatul Hariri wajen gina wannan littafi ba. Wanda ya san yadda mai ba da labari a cikin Maƙama yake ta haɗuwa da wani fasihin mayaudari a gari bayan gari, zai gane inda Alhaji da Zurƙe suka samo asali.

Wata shida a Zariya

East ya ga abin da yake nema a wurin wannan saurayi, saboda haka a shekarar 1936 ya sa aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya. Ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya fitar da littafin karatu don makarantu. A cikin kimanin wata shida Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da tamanin, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. Yana da shekara ashirin da biyar a lokacin. Duk wanda ya taɓa fama da kundin digiri na shafi hamsin har shekara ta zagayo, sai ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Tsarin littafin sananne ne. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri ya ƙulla makirci don a fitar da yaron a hallaka shi, aku kuwa ya riƙa tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye, har sarki ya komo. Sakamakon haka aka naɗa akun waziri. A littafi na biyu ya yi gasar ba da labari da Haziƙ, akun Sarkin Sirika. A na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar. Wannan littafi na uku ya cancanci malamai su dube shi da idon sana'arsu, domin aji ne sosai, da malami da ɗalibi da gyaran kuskure, kuma wanda ya rubuta shi bai daɗe da ajiye alli ba.

A nan jigo hawa biyu ne. Kowane labari da nasa, amma akwai babba da ya ɗauke su duka, wanda sunan littafin ya furta. Aku ba shi da takobi, ba shi da dukiya, ba shi da dangi a fada. Da baki ya ceci ran ɗan sarki, da baki ya sami sarauta, bakin ne kuma gadon da ya bar wa ɗansa. Yaron da aka tambaya jigon littafi na ɗaya ya ce aku ya hana Musa fita, ya faɗi abin da ya faru. Wanda ya ce iya magana dukiya ce da ta fi ƙarfin makami, ya kuma nuna wuraren da aka gwada haka, shi ne ya taɓo jigo. Har ila yau yana da kyau a tuna wa aka rubuta wa littafin: 'ya'yan talakawa da na sarakuna da aka kawo makarantar boko, da yawansu ba da son iyayensu ba, waɗanda ba su da wani jari da za su fita da shi sai karatu da iya zance. Imam kansa ɗaya ne daga cikinsu.

Batun aro kuma, wanda masu nazari suka daɗe suna tattaunawa, Farfesa Ibrahim Malumfashi ma ya yi littafi guda a kansa mai suna Adabin Abubakar Imam, yana da amfani ƙwarai a aji in an san yadda za a yi da shi. An tabbatar cewa tsarin aku mai tsare mutum da labari ya samo asali daga Indiya ya bi ta Farisa, wasu labaran daga Alfu Laila suke, wasu daga tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus masu suna Grimm suka tattara. Labarin Sarkin Busa da na ba ɗalibaina asalinsa labarin wani gari ne na Jamus mai suna Hamelin. Imam ya tuɓe masa tufafin Turai, ya sa masa na Hausa, ya sauya sunaye da wuri da irin zancen mutane, har yaro a Daura ko Gusau ya karanta bai ji wani baƙon wari ba. Abin da bai sauya ba shi ne abin da labarin ya tsaya a kai, watau wanda ya ci alkawari don ya tsare ɗan abin hannunsa yakan yi hasarar abin da ya fi shi daraja. Da na koma aji mako na gaba, abin da na yi ke nan: na ba su labarin yadda yake a Jamus, na ce su ware abin da ya sauya a gefe guda, abin da ya tsaya a gefe guda. Ba su ɗauki rabin sa'a ba suka ga cewa abin da ya ƙetare teku ya iso lafiya shi ne jigo.

Masu cewa wannan aro satar fasaha ce suna da abin faɗa ta fuska guda, domin da an bayyana tushen kowane labari a cikin littafin da ya fi. Amma aikin da aka ɗora masa ke nan, kuma shi da kansa ya ba da labarin littattafan da East ya tara masa. Wanda kuma yake ganin mayar da labarin wata al'umma ya zama na Hausa abu ne mai sauƙi, sai ya ɗauki guda ya gwada.

Akwai tarko guda da Imam ya ɗana wa ɗalibai ba da niyya ba. Da yawa daga cikin labaran nan sunayensu karin magana ne, saboda haka yaro mai wayo, da an ce jigo, sai ya kwafe kan labarin ya miƙa. Wani lokaci yakan dace, wani lokaci kuwa karin maganar ƙofa ce kawai, ɗakin ya fi ta faɗi. Wani abin da ya ƙara wa tarkon ƙarfi shi ne ƙa'idar da Imam ya ce East ya koya masa, cewa kada a bar mugu ko macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a cikin labari. Wannan ya sa ɗalibai suka saba da neman jigo a layin ƙarshe, inda azzalumi ke gamuwa da sakamakonsa, kamar sarkin nan na Zairana da ya saka wa bokan da ya warkar da shi da kisa, ya kuma mutu ta hanyar abin da bokan ya bari. To, amma me za a ce da Labarin Kalala da Kalalatu? Mace ta soya kaji biyu don baƙon mijinta, ta cinye su, ta tsorata baƙo da wuƙar da maigida ke wasawa, ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji, aka bar su suna tsere a titi. Ba wanda ya ɗanɗani kajin nan sai ita. Yaron da aka koya wa cewa jigo shi ne wa'azin da ke ƙarshen labari zai tsaya a nan ya rasa ta cewa, ko ya ƙaƙalo wani wa'azi da babu shi a shafin. Ina ganin irin wannan labari ya fi amfani a aji bisa ga waɗanda suka zo da darasinsu a goshi, domin yana tilasta wa yaro ya koma ya duba halin kowane ɗaya daga cikin mutanen uku, ya ga ta wace kafa aka shige shi.

Editan Gaskiya

Imam ya koma Katsina ya ci gaba da koyarwa, amma bai daɗe ba aka sake kiransa Zariya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne kuma editanta na farko, aikin da ya riƙe shekara goma sha biyu. Duniya a lokacin tana bakin yaƙi, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Ɗaya daga cikin dalilan kafa jaridar shi ne a sami hanyar da za a gaya wa mutane abin da ake ciki da harshensu.

Nan fa alƙalamin ya juya. Jarida ba ta jiran mai karatu ya yi ta tono. Kofi guda na Gaskiya yakan bi hannu da yawa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne mai karatun boko zai karanta da ƙarfi a ƙofar gidan hakimi ko a tsakiyar kasuwa, saura na saurare. Wanda ya ji da kunne sau ɗaya ba shi da damar komawa baya ya sake dubawa, saboda haka tilas abin da ake son ya tafi da shi ya fito a sarari, da kalmomin da ya sani. A nan ne Imam ya yi aikin da har yau muke cin moriyarsa ba tare da mun lura ba, watau horar da Hausar boko ta iya ɗaukar labarin yaƙi da na mulki da na kiwon lafiya ba tare da ta zama Ingilishi cikin riga ba. Malamin da yake son koyar da gundarin magana, ya samo sharhin edita guda daga tsofaffin kofen jaridar, ya ce yara su ja layi a ƙarƙashin jimlar da in an cire ta saura ya rushe. Za su same ta, domin mai rubutun ya ajiye ta inda za a gani.

Haka abin yake a littattafansa na ilmi, irin su Ƙaramin Sani Ƙuƙumi da Ikon Allah, wanda suka rubuta tare da East a kan halittu da al'amuran sama da ƙasa. Kowane babi yana da abin da ya zo koyarwa, kowane sakin layi da gundarinsa. Sai dai kada a ɗauka katanga ce tsakanin nau'o'in rubutun biyu, a ce jigo na labari ne kaɗai. Sunan Ikon Allah kansa ya isa shaida. Littafin kimiyya ne aka rubuta wa jama'ar da ke zargin ilmin boko da raba yaro da addininsa, sai aka gina shi duka a kan cewa binciken halitta hanya ce ta ganin ikon Mahalicci. Babi na iya zama a kan ruwan sama ko ƙwari, wannan gundari ne, amma abin da ya ɗauki littafin gaba ɗaya jigo ne, ko da yake ba tatsuniya a ciki.

A shekarar 1943 Imam yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, Imam kuwa bai sa hannu ba, domin yana ganin Arewa ba ta shirya ba, kuma ba ta aiko shi da wannan saƙo ba. An yaba masa a kan haka, an kuma zarge shi, har yau ma masu tarihi ba su daina ba. Amma a wannan tafiya ce ya gana da Gwamna Lugga, wanda ya daɗe da yin ritaya, ya bayyana masa baki da baki, daga baya kuma a rubuce, irin ƙorafin da samarin Arewa masu ilmin boko ke yi game da yadda mulkin En'e ya toshe musu hanya. Wanda ya ƙi sa hannu a takardar Azikiwe shi ne kuma ya kai ƙarar tsarin Lugga wurin Lugga. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944.

Sauran rayuwarsa

Daga nan al'amuran jama'a suka riƙa janye shi daga tebur. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ya ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa, da ya bar kujerar edita kuma ya koma sashen littattafai. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi wakilci a majalisa a Kaduna da Ikko a farkon shekarun 1950, amma siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, har ya zama shugabanta, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben da Turawa ke bari da 'yan ƙasa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Bai koma ga ƙagaggen labari irin na ƙuruciyarsa ba. Rubuce-rubucensa na baya sun karkata ga addini da tarihi, irin su Tarihin Annabi Kammalalle da tarihin halifofi, watau ya komo ga irin alƙalamin gidansu, wanda ke faɗin manufarsa tun daga shafin farko. Wasu na ganin adabin Hausa ya yi hasara da jarida da aikin gwamnati suka ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da takwas, ni ma nakan ji haka in na gama littafi na uku na ga babu na huɗu.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara saba'in. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa. Tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara, ya fito a 1989 daga kamfanin NNPC na Zariya, kuma da Ingilishi aka buga shi. A cikinsa ne ya ba da labarin watanni shidan nan na 1936 da irin horon da ya sha a hannun East.